Fara-da-Gida

Duk unguwarmu babu mai buƙatar a gaya masa ranar da maigidana yake kan aiki, wuta ce ke faɗa. Da zarar an yi la'asar, mutane sun fara dawowa gida suna kunna fanka da talabijin, sai ka ji ɗif, an ɗauke. Mai injin niƙa da ke jikin katangarmu sai ya ɗaga murya ya ce, "Uwar gida, yau oga ne a kujera ko?" Ni kuwa ina gaban keken ɗinkina, allura ta tsaya cak a tsakiyar wuyan rigar mutane, sai in ce masa shi ne, in ja tsaki, in tashi neman gawayin guga.

Maigidan nawa ba shi ke hawa turken wuta ba, ba shi ke yanke wa mutane waya ba, ko da yake har gobe akwai dangina da suke zaton haka. A ɗakin da ake kula da wutar yankinmu gaba ɗaya yake aiki, zaune gaban allo da wayoyin tarho. Yadda ya sha yi mini bayani har na haddace, wuta ba a tara ta a rumbu. Abin da injuna suke samarwa da abin da mutane suke ja dole su zo daidai a kowane lokaci. In masu ja suka fi ƙarfin abin da ake samarwa, to sai a yi maza a kashe wa wani layi, in ba haka ba komai ya zube gaba ɗaya, har asibiti da gidan ruwa. Wanda ke zaune a kujera a lokacin shi ke zaɓar layin da za a kashe. Shi kuma bawan Allahn nan, tun da ya hau kujerar bai taɓa zaɓar wani layi kafin namu ba.

Na san inda abin ya samo asali. Satin da aka ba shi kujerar ya je aski, mai askin yana riƙe da kansa ya ce wa jama'ar shagon, "To mu kam mun huta, namu ya hau, wuta sai mun ture." Kowa ya yi dariya ban da shi. Ya dawo gida yana huci, wai ana so a ce shi mai son kai ne. Na ce haba, wasa fa mutumin yake yi. Ya ce shi bai ji wasa a ciki ba. Washegari da aka samu ƙarancin wuta, layin bayan tasha, wato namu, shi ya fara kashewa, kuma tun daga ranar bai sauya ba.

Dama halinsa ne. Mutum ne da in an zuba abinci a taro sai kowa ya ɗiba ya ga ko da saura. Ranar da aka sa shi alƙalin tseren yara a makaranta, babbar 'yarmu ta zo ta ɗaya ido na ganin ido, ya ce ta biyu ce. Yarinyar nan ta yi kuka har ta shiɗe, shi kuwa ya saya mata alewa a hanya yana ce mata ai ita ta san ta ci, ya isa. Ba mugu ba ne, kar wani ya ɗauka haka. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ba ya yawo, in na kwanta ciwo shi ke wanke-wanke. Amma tsoron a ce ya fifita nasa ya fi masa tsoron komai a duniya. Tsofaffin abokan aikinsa suka sa masa suna Fara-da-Gida, yana kuma amsawa har da ɗan murmushi, sai ka ce lambar yabo aka rataya masa.

Maƙwabta kuwa ba sa zuwa ofis su kai ƙara. Ina dalili, ga gidan oga a kusa? Ni suke samu. Mai sayar da ƙanƙara ta taɓa zuwa da bokitin ruwan da ya narke ta dire mini a ƙofa in gani da idona. Mai walda matarsa yake turowa. Ni ce ofishin ƙorafi, ni ce mai ba da haƙuri, in ba su kujera in ba su ruwa, ruwan ma mai ɗumi, tunda firjinmu ya fi na kowa hutawa. Shi kuma in ya dawo na zayyana masa, sai ya ce, "Ki ƙara haƙuri, ai gara su ce mun cuci kanmu." Kanmu wai! Kamar mu kaɗai ne a layin.

Duk da haka na iya zama da abin, saboda ba kullum yake kujera ba. Sauran masu aikin karɓa-karɓa suke yi tsakanin layuka, yau wannan gobe wancan, yadda mai hankali zai yi. Sai na tsara sana'ata a kan ranakun aikinsa. Ranar da yake kujera in yi yanka da sa maɓalli da ɗinkin hannu, ranar hutunsa in zauna kan keke in yi ta gudu. Shekara da shekaru haka muka yi, har yara suka girma.

Sai ga wannan na'ura. Wata rana ya dawo da fara'a, abin da ba kasafai ba, ya ce an kawo musu ƙirƙirarriyar basira, wata manhaja da aka ɗora a kwamfutocin ɗakin. Su a can Mai Shawara suke kiranta. Aikinta biyu ne. In matsala ta taso, kafin mutum ya gama duba allo ta riga ta lissafa ta nuna masa abin da take ganin ya dace, shi kuma ya amince ko ya ƙi. Sannan akwai wani ɗaki a gefe da ake horar da sababbin ma'aikata, ta ƙirƙiro musu matsalar ƙarya, inji ya tsaya ko waya ta tsinke, ta ga yadda za su yi, ta ba su maki. Na ce ita kuma wa ya koya mata? Ya gyara zama. Ya ce duk abin da aka taɓa yi a ɗakin nan aka zuba mata ta nazarta, kuma Injiniyar da ke kula da ita ta ce da shi ta fi kama, don shi ya fi kowa daɗewa a kujerar, kuma wuta ba ta taɓa rushewa gaba ɗaya a hannunsa ba. Na ce masha Allah. Da na san abin da nake yi wa masha Allah, da na kama bakina.

Ba a daɗe ba wuta ta fara tafiya kullum. Yana kujera ta tafi, yana gida kwance da singileti yana jin rediyo ta tafi. Mai niƙa ya rikice, ya daina tambaya. Na ce, "Baban yara, yau fa kana gida, wa ya kashe mana?" Ya ce ƙarancin wuta ne, zafi ya yi yawa, kowa na ja. Na ce amma daga nan ina hango fitilun tsallaken titi. Ya juya ya ƙara wa rediyonsa murya.

A cikin wannan hali Iya, mahaifiyarsa da ke zaune tare da mu, ta kwanta. Ciwon ƙirji ne da ya daɗe yana cinta, har numfashi ya fara gagararta. Ta yi makonni a asibiti, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya tsani wuri kamar yadda Iya ta tsani ɗakin nan ba. Mace ce mai tsabta da kunya, ga shi baƙi ke juya ta, labule ɗaya tsakaninta da wata, yau a fitar da ta damanta a rufe, jibi ta hagunta. Duk wanda ya je dubiya sai ta riƙe masa hannu ta ce, "Ku kai ni gida. In tafiyar ce, in tafi daga ɗakina." Likita ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Za a ba mu na'urar da ke tace mata iska, kuma dole ta riƙa aiki ba tsayawa. In ba za mu iya tabbatar da wuta ba, to mu dawo da ita gadon asibiti.

Na'urar kamar ƙaramin firji take, da siririn tiyo da ake saƙala wa Iya a hanci, da 'yar kwalbar ruwa da ke ɓulɓula a jikinta. Muka ajiye ta kusa da gado, ƙarƙashin taga. In wuta ta tafi sai ta saki wata ƙara mai shiga ƙwaƙwalwa. Mun sayi batir, amma batir sai ya sha wuta ya ƙoshi kafin ya ba da, mu kuwa ina ya ga wutar? Muna da ɗan tsohon janareta, sai an yi masa magiya yake tashi, in ya tashi kuma hayaƙinsa ta tagar Iya yake shiga, tunda tsakar gidan namu duka bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Kullum da la'asar ina riƙe da mafici a hannu ɗaya, ina ƙwala wa yara kira su ja igiyar janareta.

Na same shi yana ɗaura igiyar takalmi zai fita. Na ce, "Baban yara, ka yi magana a wurin aikinku."

"In ce me? A bar wa gidana wuta?"

"Ban ce a bar mana kullum ba. A yi karɓa-karɓa kamar da. Mu ma mutane ne."

"Na'ura ce ke ba da shawara yanzu. Ba ta san gidan kowa ba."

"To kai da ka san gidan, uwarka ce a ciki."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja, na ga maganar ta shige shi. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Kowane layi akwai uwar wani." Ya ɗauki jakarsa ya fita. Wallahi da ba don Iya na jin mu ba, da na bi shi har titi.

Ranar da na ga leɓen Iya ya yi duhu kafin janareta ya kama, na ce ya isa haka. Washegari da rana na zuba abinci a kula, na bar Iya da babbar 'yarmu, na hau mota. Tun da muka yi aure ban taɓa taka wurin aikinsa ba, ya hana. Mai gadi ya ce ba a shiga. Ina cikin ja-in-ja da shi sai ga wata mace mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta ji wanda nake nema, ta ce, "Ke ce matar Baba? Shigo, Mama." Ashe ita ce Injiniyar.

Ta tsayar da ni bayan wani gilashi. Kai, sanyi! Mu muna can muna narkewa, su nan kowa da rigar sanyi rataye a bayan kujera. Bango guda allo ne, layuka kore da ja sun sarƙe a kansa, a sama kuma wata lamba tana ta rawa kusa da hamsin. Wannan na gane ta, ya sha gaya mini in ta fara gangarowa to masu ja sun yi yawa. Ga shi can a kujerar tsakiya, ya ba ni baya, tarho a kafaɗa, yana magana a hankali. Duk haushin da na zo da shi, sai da na ji wani abu a raina, don ban taɓa ganinsa a inda ya fi kowa iyawa ba.

Injiniya ta ce ba a katse shi yanzu, in zo ta nuna mini ɗakin horo kafin ya samu sarari. Ɗakin kamar wancan ne amma ƙarami. Wani dogon mutum yana zaune gaban allo yana gumi duk da sanyin. Ta ce Dogo ke nan, daga wata ƙaramar tasha aka ɗauko shi, magidanci ne, ya kusa fara zama a kujera shi kaɗai. Muna tsaye lambar ƙaryar ta fara gangarowa. Dogo ya yi sauri ya zaɓi wani layi ya kashe. Sai rubutu ya fito a gefen allo, ya karanta a fili da muryar wanda ya gaji: "Ƙwararren ma'aikaci zai fara da layin bayan tasha." Ya buga cinyarsa ya ce, "Kai, na sake mantawa!" Aka maimaita masa. Wannan karon ko kallon sauran bai yi ba, hannunsa ya tafi kai tsaye kan layinmu, na'ura ta ba shi maki cikakke.

Kular abincin ta kusa suɓuce mini. Na ce, "'Yar nan, me ya sa wannan layin?"

Ta ce, "Wallahi Mama, ni ma ya dame ni. Na duba, ba shi da wani bambanci da layukan da ke kusa da shi. Amma na'urar ta ga duk lokacin da Baba yake kujera da shi yake farawa, kuma komai ya tafi lafiya. Ta ga kuma layin bai taɓa kawo ƙorafi ofis ba, ko sau ɗaya. Sai ta ɗauka akwai hikima a ciki. Na tambayi Baba ya fi a ƙirga, sai ya ce haka ake yi."

Na ce, "Gidansa ne."

Ta ce, "Na'am?"

"Gidansa ne a layin. Ƙorafin kuma ga kunnuwan da suka sha shi." Na kama kunnena na nuna mata.

Ta fara dariya, ta ga fuskata, dariyar ta tsaya. Na gaya mata zancen Iya. Ta cire tabarau ta goge. Na ce to sauran ma'aikatan fa, su da suka san a yi karɓa-karɓa? Ta ce tsofaffin yawanci sun yi ritaya, waɗanda suka rage kuma sun gane cewa in ka bi shawarar na'ura abu ya ɓaci ba mai tuhumarka, in ka ƙi kuwa sai ka tsaya ka yi bayani. Sababbin kuma ga yadda ake koya musu. Na ce ikon Allah, da mutum ɗaya nake fama, yanzu an buga mini shi kwafi-kwafi an raba wa kowace kujera.

Na ce ta gyara mana yanzu, tunda a hannunta take. Ta ce ba haka ake yi ba. Abu ne da rayukan mutane ke rataye a kansa, ba a sa masa hannu don wani ya zo ya faɗi magana, ko da maganar gaskiya ce. Sai Baba da kansa ya faɗa a gaban shugabanni cewa babu dalilin aiki a zaɓin nan, sannan a sake koya mata, a gwada, a sake gwadawa, kafin a ɗora. Na ce har yaushe? Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, zai ɗauki lokaci. Amma kafin nan, wanda ke kujera shi ke da magana ta ƙarshe, yana iya ƙin shawarar. Na ajiye mata kular na ce ta ba shi, na fito ban jira shi ba.

Da ya dawo da yamma bai ko zauna ba. Ya ce na je na tona masa asiri a gaban yaran ofis. Na ce wane asiri, cewa kana da gida? Ya ce sunan da ya yi shekaru yana ginawa na rushe shi da rana ɗaya, yanzu za a ce ya turo matarsa neman alfarma. Na ce, "Sunan naka ya zo ya ja igiyar janareta mana! Kai ka zaɓi ka cuci kanka, to mai ƙanƙara fa, ta zaɓa? Mai walda ya zaɓa? Iya ta zaɓa?" Ban taɓa yi masa irin wannan ba. Muna jin kwalbar na'urar Iya tana ɓulɓula ta cikin labule. Ya shiga ɗakinta ya daɗe, ban san me ya gani ba, ni dai na ji shi yana gyara mata matashi.

Ashe kuwa ya je ya faɗa musu gaskiya. Injiniya ce ta kira ni ta gaya mini, shi ko uffan bai ce ba. Wai ya miƙe a taron safe, gaban shugabanni da waɗanda ya horar, ya ce layin bayan tasha ba shi da wani laifi, shi ne dai ba ya so a ce ya fifita gidansa. Aka amince za a gyara na'urar, aka kuma ce kafin nan kowa ya riƙa lura.

Ranar aikinsa ta gaba, la'asar ta yi, na ajiye mafici kusa, na sa yara su tsaya wajen janareta. Shiru. Fanka na ta juyawa. Aka yi magariba wuta tana nan. Na zauna bakin gadon Iya, ban san lokacin da na fara murmushi ba. Sai ta buɗe ido ta dubi ƙwan fitila, ta dube ni.

"Yau ba ya aiki ne?"

"Yana can, Iya."

"To wa aka kashe wa?"

Na ce wasu ne, yau layinsu ne, gobe na wasu. Can sai na ga hannunta yana lalubar tiyon hancinta. Ta ce, "Kashe fitilar nan da fankar. Kar mutane su wuce su gani su ce don ni ce." Na riƙe hannun na ce, "Wallahi Iya ba za ki cire ba, kuma ba abin da zan kashe." Ta harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce ita ba ta haifi mai son kai ba. A nan na gane daga inda aka ɗebo mini wannan jarabar. Matar da in ta raba nama 'ya'yan maƙwabta ke fara ɗauka, nata su tsotsi ƙashi. Na zauna riƙe da hannunta har ta yi barci, ina jin kamar in yi ihu.

Kwana biyu muka samu sauƙi. Sai ranar hutunsa, yana zaune a ɗakin Iya yana yanke mata farce, rana ta take kamar za ta fasa kwano. Ba a ma kai la'asar ba, ɗif. Na'urar ta saki ƙararta. Batir ya ɗauka, amma ɗan abin da ya sha bai taka kara ya karya ba, fitilarsa ta riga ta koma ja. Ya ciro waya ya kira ɗakin aiki, ya sa a fili don hannunsa ɗaya na riƙe da Iya. Dogo ne a kujera.

"Baba, ka yafe ni," in ji Dogo. "Babban inji ne ya faɗi gaba ɗaya, lambar tana zubowa, ban samu na yi tunani ba. Wallahi hannuna ne ya riga ni. Sai da na danna na tuna."

Maigidan ya tambaye shi inda lambar take yanzu. Ya faɗa masa. Ya tambayi layuka nawa aka sauke, ya faɗa masa.

"In ka ce in mayar muku in sauke wani, zan yi, Baba. Ka faɗa kawai."

Na matso har ina jin numfashinsa. Na ce, "Ka faɗa." Ya dubi Iya, ya dubi wayar. Ya rufe ido.

"Kar ka taɓa komai sai ta tsaya da ƙafarta," ya ce. "Ka yi daidai."

Har yau ban sani ba ko aikin ne ya yi magana ko halin. Na tambayi Injiniya daga baya, ta ce a irin wannan lokacin juya layuka yana da haɗari, amma wani zai iya yi ya tsira. Ke nan ita ma ba ta sani ba. Shi kuwa ban tambaye shi ba, don ina tsoron amsar.

Ya fita tsakar gida ya kama igiyar janareta. Mutumin da wutar yanki guda ke bi ta hannunsa, ga shi durƙushe yana ja, yana ja, janareta na tari yana mutuwa. Ya ja har fatar yatsunsa ta saɓule, igiyar ta tsinke ta bar masa guntu a hannu. Batir ya ɗauke. Na leƙo na ce leɓenta ya fara duhu. Ya shiga ya goya ta a bayansa, mai niƙa ya kawo motar ƙaninsa bakin ƙofa. Da za a fita da ita ta ɗago kai daga kafaɗarsa da ƙyar, ta dubi ɗakin, ta ce mini, "Ki bar mini shi yadda yake, zan dawo."

Asibiti akwai wuta. Layinsu ba a taɓa shi, shi da kansa ya tsaya a kan haka tun shekarun baya. Aka mayar da ita ɗakin nan da ta tsana, gado na kusa da ƙofa, labule ɗaya tsakaninta da wata. Likita ya ce ba zai sake sallamarta ba sai mun tabbatar masa da wuta. Kullum maigidan zai tashi daga aiki ya wuce can, kullum za ta tambaye shi yaushe, shi kuma ya ce an kusa, ana gwadawa. A kan gadon nan ta cika, da hantsi, ma'aikaciyar jinya na canza wa ta kusa da ita zanin gado.

Gyaran ya iso muna gama karɓar gaisuwa. Injiniya ta zo har gida ta yi mana ta'aziyya, ta ce an ɗora, yanzu na'urar karɓa-karɓa take ba da shawara, kuma haka take koya wa sababbi. Na yi mata godiya, don ita ta yi iya nata. Na'urar iskar kuma mun riga mun mayar wa asibiti, sai shatin ƙafafunta a kan leda ƙarƙashin taga.

Ranar da yamma ina kan keke ina ɗinka wuyan wata riga, la'asar ta yi ta wuce, wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Shi yana ɗakin Iya, inda ya koma zama tun da aka yi rasuwar, fanka na juyawa a kansa. Sai mai niƙa ya ɗaga murya ta saman katanga, injinsa na ta ruri: "Uwar gida, yau wane ne a kujera? Allah ya yi masa albarka!"

Na ji motsinsa ya tashi, na ji ƙarar makunni, fankar ta fara rage gudu. Na ture keken na shiga. Yana zaune bakin gadon, hannunsa mai tabon igiya a kan gwiwa. Na kunna fankar, na tsaya a jikin makunnin na harɗe hannu. Ya dube ni, na dube shi. Bai sake tashi ba, ni kuma sai da na tabbatar sannan na koma na ƙarasa wuyan rigar.